Kawu, Ɗalibin Kujerar Baya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. Wannan na sani, na kuma karɓa. Abin da har yau ya tsaya mini a wuya shi ne yawan mutanen da suka cika gidansa a Yelwa, kowa yana cewa ubansa ne ya rasu.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, keke da babura suka toshe layinmu tun daga bakin titi. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Yola, daga Michika, daga Maiha, har da waɗanda suka tsallako daga Kamaru. Wani fasto daga Gella ya cire takalmi ya zauna a tabarma ɗaya da limamai, yana ta share ido da gefen rigarsa. Wani ƙato mai tumbi, wanda ban taɓa gani ba a rayuwata, ya rungume ni yana kuka yana cewa, "Malam, mun yi rashin uba." Na ce masa Allah Ya ba mu haƙuri. A raina kuwa cewa na yi, mu da wa? Ni ɗan ƙanwarsa ne. Allah bai ba Kawu haihuwa ba, ni ya ɗauko tun ina firamare bayan rasuwar mahaifina, a gidan nan na girma, a ɗakin da suka jibge takalmansu a ƙofarsa. Amma ranar sai da na nemi wurin zama kamar baƙo.

Duk wannan mai sauƙi ne. Da shugaban tsangayarmu ya iso da tawagar jami'a, ya miƙo mini hannu muka gaisa, sai ya leƙa ta kafaɗata ya ce, "Ina 'yar tasa?"

'Yar tasa. Malama ke nan, abokiyar aikina a sashen tattalin arzikin noma, 'yar Betso, Kirista, wadda ba ta haɗa jini da mu ta ko'ina ba. Tana cikin gida kusa da Inna, matar Kawu, makullin ɗakin ajiya a hannunta, ita ke cewa a kai wa waɗancan abinci, a ƙara wa waɗannan ruwa. Ba ƙwace makullin ta yi ba, Inna ce ta ba ta, kuma gaskiya ta riƙe gidan da kyau. Wannan ma wani abin haushin ne. Da a ce ta yi wani kuskure ko ɗaya, da na samu abin kamawa.

Ga wanda bai san Kawu ba, malami ne a jami'a, a sashen da ni ma na zo na samu aiki daga baya. Shekaru da dama shi ne shugaban kwamitin manhaja na tsangayarmu. A jami'a ba ka tashi haka kawai ka ce za ka koyar da sabon kwas, ko ka sauya tsoho. Sai ka rubuta shi, taron sashe ya duba, ya tafi kwamitin manhaja, daga nan tsangaya, sannan majalisar jami'a ta sa masa albarka. A duk waɗannan matakai, ƙofar da kowa ke tsoro ita ce ta Kawu, domin yana da wata al'ada da babu ita a kowane kundin doka. Kafin ya sa takardarka a gaban kwamiti, sai ka koyar da shi darasin farko na kwas ɗin.

Zai nemi aji wanda babu kowa, ya wuce can kujerar baya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya zame takalmi, ya ce, "Bismilla, Malam. Ni yaro ne daga ƙauye, jiya na zo, Turancina bai nuna ba." Daga nan kai da Allahnka. Kana tsakiyar bayani zai ɗaga hannu, da wata 'yar murya ta marainiya, ya ce bai gane ba. Ka sake, ya ce har yanzu. Ya tambaye ka ko wannan zai fito a jarrabawa. Ya tambaye ka littafin da ka ambata, yana laburare ko sai a wayar masu data. In ya gamsu, kalma biyu ce: "Ya yi." In bai gamsu ba, ya mayar da hularsa ya ce, "Ka dawo."

Wasu sun ce wulaƙanci ne. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce kullum: "Takarda ba ta shiga aji. Mutum ne ke shiga, kuma 'ya'yan mutane ne ke zaune." Wani farfesa, sa'ansa, ya taɓa kawo tsohon kwas ɗinsa, bai taɓa komai a ciki ba sai suna, ya liƙa masa kalmar zamani a gaba don ya yi kyau a idon masu zuwa tantance jami'a. Kawu ya ce to, a zo a koyar da shi zamanin. Farfesa ya ce shi ba yaro ba ne da za a tsayar da shi gaban allo. Kawu ya ce, "Ai ni ne yaron, kai malami ne." Suka yi zango guda ba sa gaisawa, ko a masallaci kowa da sahunsa. Farfesan nan ranar makoki shi ya fi kowa daɗewa a zaune, kuma shi ya ba da wannan labarin da bakinsa, yana dariya hawaye na zuba.

Ni kuma ina da nawa kwas ɗin. Mu da muke zaune a Mubi, garin da tireloli ke lodin shanu zuwa kudu kowane mako, muna koya wa yara kasuwancin amfanin gona da misalan ƙasashen da ba su taɓa ganin dillali ba. Na ce a cire wannan tsohon kwas, a sa sabo a kan cinikin dabbobi a bakin iyaka, yara su shiga kasuwar shanu da ƙafarsu, su ga yadda ake yi. Har yau ina cewa tunani ne mai kyau, kuma nawa ne, ba wanda ya ba ni.

Zuwana na farko na shiga da taƙama. Na kawo majigi, na sa babbar riga. Kawu ya bar ni na yi nisa, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in aka goge kalmar Mubi a duk inda ka rubuta ta, me zai rage na Mubi?" Na duba allon. Tsarin wata jami'ar waje ne na ɗauko na yi masa kwaskwarima, kuma ya gane. Ya ce in dawo. Na koma na rubuta nawa na kaina, sai ya ce na cusa abincin shekara biyu a zango ɗaya, yaran za su ƙware. Na rage. Da na sake zuwa, ina bayanin yadda ɗalibai za su yi hira da dillalai, sai ya amsa mini da Fulatanci, "Mi faamaay," wato bai gane ba, ya ci gaba da zuba Fulatanci kamar bai taɓa jin wani yare ba. Da ya ga na tsaya, ya ce, "Haka dillalin zai yi wa yarinyar da ta zo daga Numan. Wa ka tanadar mata?" Ban tanadi kowa ba. Wani zuwan kuma ya gano na sa kwas ɗin a zangon da ke faɗawa tsakiyar damina, lokacin da mayo, wato rafuka, ke cika, hanyoyin iyaka su lalace, kasuwa ta yi laushi. Ya ce, "Za ka kai su kallon laka ke nan."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. To sai me? Gaskiya ba ta hana mutum jin zafi ba.

Ana cikin haka Malama ta kawo nata, a kan ajiyar hatsi da asarar da manoma ke yi bayan girbi. Ƙanwar bayana ce a aiki, ni na nuna mata ofishin da ake karɓar alli ranar da ta fara. Ta shiga ajin da Kawu da safe, ina tsaye a baranda ina jira in ga fuskar da za ta fito da ita, har na shirya kalmomin lallashi. Ban gama shirya su ba sai ga Kawu ya fito, hula a kai, ya wuce ni yana cewa, "Yarinyar nan ta iya." Zama ɗaya. Kafin zango ya ƙare kwas ɗinta ya wuce majalisa, ya shiga kundin ɗalibai. Na taya ta murna, har na saya mata lemo, amma ranar ko tuwon Inna bai shiga cikina ba.

Tun daga nan ya fara ce mata 'yata, ita kuma Baba. Da mahaifinta ya rasu a farkon damina, Kawu da tsufansa ya hau bayan babur har Betso, ya dawo ƙafafunsa duk jar ƙasa, ya kuma karɓi azuzuwanta ya koyar har ta gama makoki. Mutane suna ta yabon wannan alheri, kuma alheri ne, ba na musu. Ni dai na tuna lokacin da taifot ta kwantar da ni, fura ya aiko mini da saƙon cewa takardun jarrabawar yara suna jirana.

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ba ta san mene ne kwas ba, amma ta san ɗanta yana dawowa gida fuska a murtuke. Wata Juma'a ta ɗauki mayafinta ta sami Kawu, yayan nata, a zaure yana shan shayinsa marar sukari. Ina daga waje ina ji.

"Hamma, yaron nan fa naka ne. 'Yar mutane ka ce mata to, naka kana ta juya shi kamar waina."

"Ya ce ki zo?"

"Bai ce ba. Ido gare ni."

"To ki koma ki ce masa Fulatancin nan har yanzu bai gyara ba."

"Ni ba 'yar aikenka ba ce. In ba za ka sa masa hannu ba ka faɗa masa ya huta."

"Wa ya ce ba zan sa ba? Na ce ya dawo."

Dada ta fito tana faɗa, ta ce tun suna yara haka yake, in ka roƙe shi gyaɗa sai ya tambaye ka me za ka yi da ɓawon. Sun yi makonni tana aika masa gaisuwa ta bakin Inna. Shi kuwa ko a jikinsa, ranar kasuwa ya aika mata da man shanu kamar yadda ya saba.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka mugu ne. Mutumin da ya koya mini keke a filin makaranta yana gudu a bayana da babbar riga, ba mugu ba ne. Lokacin da 'yan bindiga suka shigo, gari ya watse kowa ya gudu, shi ya tsaya a tasha sai da ya ga ɗalibansa baƙi sun samu mota kafin ya nemi tamu. Yana da dariya mai ƙarfi, yana son rake, ba ya iya wuce yaro yana kuka. A gida yakan kira ni da sunan da Dada kaɗai ke kirana da shi. Amma da mun shiga ajin nan, sai in zama Malam, shi kuma ya zama yaron ƙauye, kuma yaron nan bai taɓa tausaya mini ba. Na kai ga ba kwas ɗin ne ke gabana ba. Majalisa ta amince ko kada ta amince, ni dai in ji kalmomin nan biyu daga bakinsa, ni ma, kamar yadda ta ji.

Bana aka ce za a sake duba manhajar tsangaya gaba ɗaya, abin da ba a yi sai bayan shekaru, kuma Kawu yana dab da ritaya. Na zauna na gyara komai. Na mayar da kwas ɗin zangon rani. Na je wurin shugabannin dillalai na zauna da su, suka yarda su karɓi yara rukuni rukuni. Na tsara yadda kowane rukuni zai samu mai jin Fulatanci a cikinsa. Na nemi wanda zai riƙe kwas ɗin in na tafi ƙarin karatu, don na san zai tambaya. Darasin farko kuwa na koyar da shi ga matata, na koyar da shi ga bangon ɗaki, har matata ta ce in na sake ambaton la'ada a gidan nan za ta tafi gidansu. Na same shi a ofis na ce na shirya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Laraba, bayan azahar. Ka zo da alli, majigin nan naka ciwon kai yake sa ni."

Ranar Lahadi da safe ya faɗi a tsakar gida yana ba kaji dawa. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa.

Ina jin kunyar faɗa, amma zan faɗa tunda shi ma ba ya son rufa-rufa. Muna tsaye a maƙabarta ana zuba ƙasa, mutane suna tuna alherinsa, ni abin da ke yawo a kaina shi ne Laraba. Kawu, ka ce Laraba.

Bayan an share makoki kwamiti ya zauna, don majalisa ba ta jiran mamaci. Wa aka ba riƙon kujerarsa? Kun riga kun sani. Na shiga ɗakin taron da takarduna da allina a aljihu. Malama ta karanta sunan kwas ɗin, ta ce ta duba shi, ya cika duk ƙa'ida. Kafin ta rufe baki wani ya ce ai wannan ɗan marigayi ne, albarkacin marigayi a wuce da shi. Kowa ya ce ya amince. Farfesan nan ya ce Allah Ya jiƙan Kawu, aka shafa. Ba wanda ya tambaye ni ko da sunan littafi ɗaya. Abin da na yi shekaru ina bi, aka miƙo mini shi kamar sadakar bakwai. A baranda ana ta ba ni hannu, ni kuwa ji nake kamar in kurma ihu.

Da rana na bi ta ofishinta. Ban yi sallama mai kyau ba.

"Malama, haka ake yi? Ko tambaya ɗaya?"

"Malam, zauna mana. Kwas ɗinka ba shi da matsala. Da yana da ita da na faɗa, ko ɗan waye kai."

"Ba ke nake so ki faɗa ba."

Ta san abin da nake nufi, kuma na ji haushin yadda ta gane da sauri. Na zauna. Na ce mata ta gaya mini yadda aka yi ranar, ranar tata, me ta yi, me ya ce, yaya fuskarsa take lokacin da ya faɗa. Ban taɓa tambayarta ba sai ranar, don girman kai.

Ta ce, "Ba abin faɗa, Malam. Na yi wata da watanni ina shiri. Ko rabin darasin ban kai ba ya sa hula, ya ce ya yi, ya fita. Na tsaya ni kaɗai da alli a hannu. Akwai wani misali da na tanada don ƙarshe, na rumbun kakata, na so ƙwarai ya ji. Bai ji ba, kuma bai sake zama a ajina ba."

Na ce ai ita ta ci riba.

"Riba?" Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Ofishina yana jikin ajin nan. Duk zuwanka ina ji. Ya zauna da kai har ƙarshe, ya yi ta musu da kai, ku ɗaga murya, wani lokaci in ji ya fashe da dariya. In ka fita sai ya shigo nan ya hana ni aiki da zancen shanunka. Ni ya ce mini 'yata, gaskiya ne, na kuma gode. Amma ko sau ɗaya bai ce mini in dawo ba. Ka san yadda na riƙa jin haushinka?"

Ban sani ba. Muka zauna a ɗan ofishin nan, fanka tana juyawa, kowa yana kallon rabon ɗan'uwansa.

Inna ta ce in rubuta wani abu don kada a manta da shi, ga shi na rubuta. Na san ana so in ce maganar Malama ta wanke mini zuciya. Ba ta wanke ba. Na yarda ya ba ni lokacinsa fiye da kowa, na yarda ita ma tana da nata ciwon. Amma da za a ce yau mu yi musanya, da na tattara duk zaman nan da muka yi da shi na ba ta, ta ba ni kalmominta biyu, kuma na san da gudu za ta karɓa. Kwas ɗin zai fara a zango mai zuwa, yara har sun fara rajista, kuma ba ni da wanda zan tambaya ko ya yi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Inna da Dada haƙuri, da mu 'ya'yansa biyu da ya bari muna harara juna. Allah Ya sauƙaƙa masa tambayar kabari, Ya sa ya wuce tun a zaman farko. Ni bai sauƙaƙa mini ba, amma da zuciya ɗaya nake roƙa masa.